Corolla 2006: an canja nozul, silo ya hau ya ƙi sauka

Mai_LE ya rubuta:

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da warhaka. Dan Allah masu sanin Toyota a taimaka min da shawara kafin in ƙara kashe wani kuɗin.

Motar Corolla LE ce 2006, otomatik, 'yar Amurka. Dama can tana ɗan rawa in na tsaya a danja, wani lokacin kuma in na taka totur sai ta ɗan shaƙe kafin ta ɗauka. Na kai gareji aka canja fulogi bata daina ba, sai bakaniken yace nozul ne, wai biyu sun toshe an wanke sun ƙi, gara a canja duka huɗun a huta. Aka sayo Beljiyam aka ɗaura. Gaskiya rawar ta ragu sosai kuma tana jan hanya yanzu, amma fa sai wata sabuwa ta fito, silo ya hau, wato gudun injin in mota na tsaye ya ƙaru. Da in ta yi zafi allurar RPM mai nuna gudun inji tana zama ƙasa da 1 ne (wato 1000), wajen 700, yanzu kuwa tana kan 1500, wani lokacin ta haura 1800 ta faɗo ta sake hawa ita kaɗai ba wanda ya taɓa totur. In na sa giya D sai ta buga ƙum, in na ɗaga ƙafa daga birki ta fara tafiya da sauri, a go-sulo ƙafata har ciwo take saboda danne birki. Mai kuma ba'a magana, kowa ya san yadda fetur ya koma tun da aka cire tallafi a 2023.

Na koma wajensa yace wai sabon nozul ne yana fesa mai da ƙarfi, in ci gaba da hawa zai daidaita da kansa. Na ci gaba da hawan, shiru. Wutar cek ma ta kawo yanzu. Da na sake komawa sai yace ko dai burenbos ne, wato kwamfutar motar, ko kuma a rage silon ta wani ɗan noti dake jikin bakin injekta, inda totur yake buɗe wa iska ta shiga inji. Ni dai raina bai kwanta ba shi yasa nace bari in tambaya a nan. Nozul ɗin ne basu yi ba ko me? In mayar dasu?

Direban_Zariya ya rubuta:

Wa alaikumussalam. Oga ka mayar musu da kayansu kawai, jabun nozul ya cika kasuwa yanzu, har da rubutun Denso a jiki amma na ƙarya. Ko kuma na wata motar aka baka masu fesa mai da yawa. Tunda kafin a canja ba ta yi, bayan an canja ta fara, ai magana ta ƙare.

Tsohon_Rewaya ya rubuta:

Wa alaikumussalam Malam Mai LE. Kafin komai, kar ka bari a taɓa notin nan, kuma kar ka sayi burenbos. Zan dawo kansu.

Direba, gaskiya ne akwai jabu kuma akan ba mutum na wata mota, amma ba haka suke nuna kansu ba. Injin fetur iska ce take ɗaga masa silo, ba mai ba. Ka duba wutar maƙera, in ka tula mata gawayi ba tashi take ba, sai an zuga mata iska. In nozul yana zubar da mai fiye da ƙima abin da za ka gani shi ne baƙin hayaƙi a salansa, warin ɗanyen fetur, fulogi suyi baƙi, motar ta riƙa shaƙewa ko ta ƙi tashi da wuri in tana da zafi. Amma inji ya tsaya a 1500 ƙafarka bata kan totur, to iska ce take shiga fiye da yadda ya kamata. Tambayar kawai ita ce ta ina.

Ga yadda abin yake a motarka. Injin 1ZZ ne, yana da eyafulo mita a bayan akwatin iya-kilina, shi yake auna duk iskar da ta wuce ya gaya wa burenbos, shi kuma ya bada mai daidai da ita. In akwai wata ɓula a gaba da mitan, tsakaninsa da inji, iska za ta shiga ta bayan fage ba'a auna ta ba. Oksijin sensa dake salansa zai ga mai yayi kaɗan, burenbos ya ƙara mai don ya cike, ga iska ga mai, sai silo ya tashi. Hawa da saukan nan da kace tana yi ma alama ce, domin in RPM ya haura alhali totur a rufe yake sai burenbos ya ɗauka gangara kake ya yanke mai, ta faɗo, ya mayar da mai, ta sake hawa, haka za su yi ta yi.

Yanzu ka tambayi kanka me hannun bakanike ya taɓa ranar. Kowane nozul roba biyu gare shi. Ta sama ita ce o-rin da take shiga cikin layin mai, in ta yage fetur ne zai tsiyayo, za ka ji wari ka ga danshi, wannan kuma haɗarin gobara ne ba'a kwana dashi. Ta ƙasa wata baƙar roba ce mai kauri da take zama a ramin kan inji, ita ce take hana iska shiga ta gefen nozul. Ita wannan ta ƙasan ce ake wasa da ita. Nozul ɗin Beljiyam yawanci da tsohuwar robarsa yake zuwa ta bushe ta yi tauri, ko kuma babu ita kwata-kwata, sai yaron gareji ya zaro ta tsohon ya mayar, wani lokacin ma tsohuwar ta maƙale a rami bai lura ba ya ɗora wata a kanta nozul ya ƙi zama daidai. Robar da ta shekara kusan ashirin tana shan zafin inji in aka motsa ta daga mazauninta ba ta sake rufewa kamar da, wannan ba sai an yi musu ba.

Sai tiyo-tiyo. Kafin a kai ga layin mai sai an kawar da wasu daga hanya, musamman tiyon PCV mai kwashe tururin inji, wanda ya taso daga murfin saman inji ya shiga manifol, wato bututun da yake raba wa inji iska. Ka duba shi da kyau, ka lanƙwasa shi ka leƙa ƙasansa don tsagewar ta ƙasa take ɓuya, daga sama za ka gan shi lafiya lau. Ka duba ƙaramin tiyon da ya fito daga bawul ɗin tururin tanki, da babban da ya tafi tukunyar birki, da kuma babbar robar da ta haɗa iya-kilina da bakin injekta, ko an ɗaure kilif ɗinta ko an bar shi sako-sako.

Gwajin ba wuya. Da inji a kunne a kashe rediyo da AC a kasa kunne, babbar ɓula tana yin tsss da ake ji. Sannan a ɗauki filaya a matse tiyon nan ɗaya bayan ɗaya a hankali, wanda aka matse silo ya faɗo to nan ne ko abin da yake haɗe dashi. Gindin nozul kuma ana fesa masa kab-kilina kaɗan kaɗan, ɗaya ɗaya, in sautin inji ya canja ka samu wajen. Amma dan Allah a yi shi da safe inji bai yi zafi ba, a waje mai iska, da abin kashe wuta a kusa, abin nan yana kamawa. In akwai mai injin hayaƙi a garinku ya fi komai, ana hura hayaƙi cikin manifol inji a kashe, duk inda ya fito shi ke nan.

Tambaya biyu gare ni. An wanke bakin injekta ranar? Kuma an sa mata kwamfuta an karanta kod ɗin cek ɗin?

Hajiyar_Matrix ta rubuta:

Baba Rewaya Allah ya ƙara basira. Tawa Matrix ce, inji ɗaya da tasa, ta taɓa min irin wannan bayan an wanke bakin injekta kawai ba'a ma taɓa nozul ba. Bayanin da aka min shi ne datti yana taruwa a gefen faifan da yake buɗe wa iska a bakin injekta a hankali yana rage hanyar iska, burenbos kuma yana ƙara buɗe faifan kaɗan kaɗan yana haddacewa, to ranar da aka wanke tas hanya ta buɗe amma shi yana nan da tsohuwar haddarsa. Cire kan batir aka yi na ɗan lokaci aka mayar, aka barta tana silo ba AC ba fitila har ta yi zafi sosai, na ɗan zaga da ita cikin gari, ta sauka. Mai LE ka gwada wannan tukuna tunda kyauta ne.

Mai_LE ya rubuta:

Na gode ƙwarai Baba, na gode Hajiya. Eh an wanke bakin injekta, a gabana ma aka yi. Batir ɗin na cire na mayar kamar yadda Hajiya tace, ta ɗan sauka zuwa wajen 1300 amma bata wuce nan ba, hawa da saukan ma yana nan. Wani maƙwabcina yana da ƙaramin sikana irin mai bulutut ɗin nan, ELM327, muka jona a ƙarƙashin sitiyari tun kafin in cire batir ɗin. Kod ɗaya ya fito, P0171. Bayan na hau ta ta sake kawo cek muka sake dubawa, shi ne dai. Ya nuna min wasu lambobi ban gane su ba na dai rubuta: LTFT +23 a silo, da ya taka ta zuwa 2500 sai ya sauko +6. Zafin ruwa kuma 67 yake nunawa alhali mun daɗe muna yawo.

Direban_Zariya ya rubuta:

P0171 ai mai ne yayi kaɗan. Kenan nozul ɗin ne dai basa bada mai isasshe, ko fiyol-famfo ya gaji. Maganata tana nan.

Tsohon_Rewaya ya rubuta:

Direba ka canja magana fa, ɗazu mai yayi yawa yanzu yayi kaɗan, haha. P0171 cewa yake haɗin ya yi ƙarancin mai a kan iska, bai ce maka daga wane ɓangare ba. Lambobin nan da Malam ya rubuto su ne suka raba gardama. LTFT shi ne yawan man da burenbos yake ƙarawa ko ragewa a kan lissafinsa na asali, mota mai lafiya tana yawo ne kusa da sifili, ƙasa da 10 dai ko sama ko ƙasa ba damuwa. Tasa +23 a silo, a 2500 ta dawo +6. Dalili kuwa, a silo totur a rufe yake, iskar da inji yake samu 'yar kaɗan ce kuma zuƙar cikin manifol tana da ƙarfi, don haka ƙaramar ɓula ma babban kaso take ci. In ka buɗe totur iskar da aka auna ta yi yawa, ta ɓular ta zama ba komai ba. Da famfo ne ya gaji ko nozul basa bada isasshe, akasin haka za ka gani, a silo da sauƙi, in an taka inji yana neman mai da yawa lambar ta haura. Da kuma manyan nozul aka saka masa lambar ƙasa da sifili za ta tafi, kod ɗin ma P0172 zai zama. Don haka Malam ɓula kake da ita, ka neme ta.

In ka bi robobin nozul da tiyo baka samu ba, ko ka samu amma lambar bata sauka sosai ba, to sai gasket ɗin manifol. Sanannen ciwon Corolla 2003 zuwa 2008 ne, har da Matrix da Pontiac Vibe masu wannan injin. Manifol ɗin na roba ne, gasket ɗin asali baƙi ne yana bushewa ya kwanta, ya fi nuna kansa da sanyin safiya, Toyota ma daga baya sun canja shi zuwa wani mai ruwan lemo. Mai yiwuwa ma dama can yana ɗan shan iska, kuma yana cikin abin da ya sa take rawar farko.

Batun noti. Motarka 2006 ce, daga 2005 Corolla 'yan Amurka ba su da wayar totur, wani ɗan moto ne a jikin bakin injekta yake buɗe faifan bisa umarnin burenbos, shi ne kuma yake riƙe silo. Masu waya su ne 2003 da 2004, su kuma suna da bawul ɗin silo daban a jikin bakin injekta, a kansu ne ake duba ko waya ta ɗame ko bawul ya maƙale. Ko a waɗancan ɗin ma notin ba na saita silo ba ne irin na zamanin kabireto, daga kamfani aka saita shi don faifai ya tsaya inda ya dace. In aka murɗa shi ɓular tana nan tana shan iskarta, kai kuma an ƙara maka wata matsalar da mayar da ita daidai sai an sha wuya. Burenbos kuwa aikinsa yake yi, shi ne ma ya kai maka ƙara.

Wannan 67 ɗin ne ya tsaya min a rai. Ka leƙa min, fankarka tana tashi ne da zarar ka murɗa makulli?

Mai_LE ya rubuta:

Eh Baba, dairek take tun da na sayi motar. Wanda ya sayar min yace an cire tamostat, abin nan da yake tsare ruwan inji har sai ya yi zafi, saboda zafin ƙasarmu, wai na ƙasar ƙanƙara ne.

Tsohon_Rewaya ya rubuta:

Na sani ai. Wannan al'adar ta kashe injina da yawa a ƙasar nan, kuma motoci da yawa in sun sauka abin da ake fara yi musu kenan. Tamostat na wannan injin wajen digiri 82 yake fara buɗewa, an ƙera injin ne ya yi aiki a wajen 85 zuwa 95, a Kano ne ko a Kanada. In aka cire shi aka sa fanka dairek ruwa baya kai wa nan, burenbos yana ganin har yanzu inji bai gama ɗumama ba, sai ya riƙe silo ɗan sama kuma ya ƙara mai, irin yadda take yi da asuba ta fara a 1200 ko fiye sannan ta sauka. Ba shi ne ya kawo maka 1500 ɗin nan ba tunda da can a haka kake hawa tana zama ƙasa, amma yana shan maka mai kullum, yana baƙanta fulogi da bakin injekta, kuma haddar silon da Hajiya ta yi magana ba ta zama daidai sai inji ya kai cikakken zafinsa. Motar da take obahitin da lafiyayyen tamostat a ciki, yawanci lagireto ne ya toshe ko murfinsa ko fanka ko wata-famfo, su ake gyarawa.

Mai_LE ya rubuta:

To jama'a ga inda aka kwana. Na koma garejin amma wannan karon da maigidan da kansa na tsaya, na karanta masa abin da Baba ya rubuta, da farko ya ɗan ɓata rai sai kuma ya ɗauko filaya. Tiyon PCV yana matse shi silo ya faɗo nan take, da aka zaro shi ashe ya tsage ta ƙasa daidai inda yake shiga manifol, tsagar har ɗan yatsa yana shiga, daga sama kuwa ba ka ganin komai wlh. Aka canja shi. Sai aka fesa kab-kilina a gindin nozul, na ɗaya da na biyu shiru, na uku inji ya canja murya. Da aka ɗaga layin mai robobin ƙasan duka tsofaffi ne, ta ukun ta dare gefe ɗaya, in ka matsa ta da farce ba ta ko lotsawa. Muka sayo sababbi na sama da na ƙasa, ya shafa musu ɗan fetur kafin ya zura, ya juya kowane nozul da hannu ya tabbatar yana juyawa sumul kafin ya ɗaure. Nozul ɗin dai su ne, ba'a canja ko ɗaya ba.

Yanzu in ta yi zafi tana zama wajen 850, hawa da sauka ya tafi, giya ta daina bugawa. LTFT a silo +11 yake nunawa. Tamostat ɗin ban saka ba tukuna, sai ƙarshen wata in Allah ya kaimu.

Direban_Zariya ya rubuta:

To Alhamdulillah. Amma Baba ni fa maganar tamostat ɗin nan ban yarda ba, Sharon ɗina a haka nake lodi da ita Zariya zuwa Kano cikin zafin Afrilu kuma lafiya lau.

Tsohon_Rewaya ya rubuta:

Direba ka buɗe sabon zare a kan Sharon ɗin mu yi ta a can, ka zo da lissafin man da kake sha a sawu ɗaya.

Malam Mai LE madalla, amma da saura. Mazauninta 650 zuwa 750 ne a N ba AC, kuma +11 yana bakin iyaka. Tun da an taɓa abubuwa a goge kod ɗin da sikana ka hau ta kwana biyu tukuna, LTFT ba ya sauka lokaci ɗaya. In ka sake dubawa ya dawo ƙasa da 10 ka barta haka har ka saka tamostat. In yana nan ko ya ƙaru, musamman da safe, ka sayi gasket ɗin manifol mai ruwan lemon nan, a ɗaure notunan daga tsakiya zuwa gefe kuma kar a ɗame su da ƙarfi don manifol ɗin roba ne. Ranar da za'a saka tamostat a mayar da fanka kan rile ɗinta, a zuba kulant ba ruwan rijiya ba, a fitar da iskar cikin layin ruwa sosai, don in iska ta maƙale kusa da sensan zafi shi ma yana sa silo ya yi ta wasa. Bayan nan sai ka sake cire kan batir ka barta ta haddace silon da zafinta cikakke, ka turo mana lambobin.